Hannu Bai Ji Labari Ba

Ranar Laraba muka tare a Karkada,
ranar Asabar kuka ɗaure kaya.
Kwana uku ne tsakani, Cima.
Ko ƙusar labule ban gama bugawa ba
aka ce motar Arlit da asuba za ta tashi.

Shekara goma sha ɗaya a Birni,
ƙofa ɗaya, murhu ɗaya,
dutsen bayan gida yana riƙe zafin rana har isha'i.
Mun yi faɗa a kan tsintsiya,
mun yi faɗa a kan layin famfo,
wa ta kai bido, wa ta yi barci.
Yau ga famfo a tsakar gidana
yana tari cikin dare kafin ruwa ya iso,
ba wadda zan taɓa wa ƙafa in ce, tashi, ya zo.

A kan tabarma muka raba kayan Inna.
Kin ɗauki turmi, kin ce can ma ana daka.
Na ɗauki faifai da tukunyar ƙarfe.
Randa ta rage.
Mutari ya auna ta da ido, ya auna hanya,
ya ce ba za ta kai Tanut da rai ba.
Kika shafa wuyanta,
kika ce, ajiya ce fa, ba kyauta ba.
Na ce na ji.

A tasha ban yi kuka ba,
ina goye da Lawali, ina ƙirga buhuna.
Harira ta ja mini zane
tana tambaya ko can ma ana Alhamis,
don ranar nake kawo mata dabino daga kasuwar Dole.
Na cusa miki ƙullin daddawa da busasshiyar kuɓewa
ta taga, mota na motsi.
Kika ce, ki yafe mini.
Na ce, me kika yi?
Kika ce, tsintsiya.
Dariya ta kama mu,
har yanzu ban san inda ta juye ba.

Da na hau kabu-kabu na ce masa Birni.
Sai da muka hango ganuwa na tuna,
na biya shi kuɗin hanya biyu.

Gidan nan warin siminti yake.
Bango bai san sunan kowa ba,
babu zanen gawayin Lawali,
babu inda man kanki ya bar tabo.
Da dare ina lalubar maɓallin wuta
a gefen da yake a wancan ɗakin.

La'asar ta yi na ɗora sanwa,
na auna gari kamar kullum.
Sai da na kwashe na ga malmala tara,
mu kuwa uku ne.
Kai ya ji labari, hannu bai ji ba.
Issufu ya dubi kwano, ya dube ni, bai ce uffan ba.

Na rufe biyu na ƙwanƙwasa ƙofar gabas,
na rufe biyu na haye ta yamma,
sauran na ba masu gini a kangon baya.
Haka na san Barira mai ƙosai,
haka na san tsohuwa Yagana
wadda ta maido kwano da goro biyu a ciki,
ta ce ba a mai da shi da yunwa.
Kin gani, ko ba kya nan
rabonki ne ya buɗe mini ƙofofi.

Kin kira daga Agadas, murya tana yankewa.
Iska na ji, da kukan yaro,
da kalma ɗaya, randa.

Tana nan, Cima.
Na kafa ta a gindin bedin da muka dasa jiya,
bai kai gwiwa ba, inuwarsa ko kaza ba ta isa.
Na cika ta, tana zufa.
Moɗar kuma na rataye ta ƙasa ƙasa,
daidai inda hannun Harira ke kaiwa.