Fetur ɗin Afrilu

Oktoba ta iso tafkin Saimaa
ta tarar da ni ni kaɗai a bakin gaɓa.
Dinyoyi sun yi kudu tun makon jiya.
Ganye ya cika cikin kwale-kwale,
injinsa na rataye a baya
kamar baƙon da aka manta ba a sallama ba.

Shekara arba'in da ɗaya
wannan aikin na Veikko ne.
Nawa leƙe ta tagar kicin:
ga shi durƙushe, tabarau a karan hanci,
yana auna wani jan ruwa a murfin kwalba
kamar mai ba jariri magani.
In ce, "Inji ne fa, ba jikanka ba."
Ya ce, "Kyllikki, ba aiki ke kashe inji ba.
Zama ne."

Bana babu mai durƙuso.
Yuli ta tafi da shi da rana tsaka,
kofinsa bai ma huce ba.

Sointu ta bugo waya daga Tampere:
"Mama, ki sayar da tarkacen nan ki huta."
Na ce to.
Na ajiye wayar, na ɗauki mabuɗin ɗakin ajiya.

A jikin katako, bayan ƙofa,
na sami rubutunsa da fensir,
layi bisa layi, shekara bisa shekara:
kwale-kwale, an zuba;
injin ciyawa, an zuba;
zarto, an zuba.
Sai wuri guda da ya danne fensirin har ya karce itace:
na manta.
Na tuna wannan bazarar.
Fetur ya kwana wata bakwai a tanki,
ya tashi da warin tsohon fenti,
ya zama ɗanko a maƙogwaron kafireta.
Kwana uku yana tsokaci da allura a teburin cin abincina,
kifi na wasa a tafki, shi yana ƙunƙuni.

A ƙasa ya bar ƙa'ida, ban san don wa ba:
Cika tanki, kar ka bar wa raɓa wurin kwana.
Zuba maganin. Girgiza.
Kunna minti goma, ya ratsa ko'ina.

Na durƙusa. Gwiwa ta yi ƙara.
Hannu na rawa, rabin murfin ya tafi a takalmina,
na sake aunawa.
Injin ya yi tari, ya kama,
na zauna ina duban agogo,
minti goma cur, ni da hayaƙi da ruwa mai duhu.
Da na kashe shi, shirun ya fi na da nauyi.

Nuwamba ta zo da dare, ba sallama.
Gari ya waye fari fat, ƙofa ta ƙi buɗuwa sai da kafaɗa.
Can ƙuryar ɗakin, ƙarƙashin tsohon bargo,
injin kwashe dusar ƙanƙara na barci tun bara.
Na duba katako.
Layi na ƙarshe da hannunsa ya yi:
sha huɗu ga Afrilu, an zuba.

Na ja igiya. Shiru.
Na sake ja.

Ya tashi.

Ya tashi da ruri har kwanon rufi na amsawa,
da fetur ɗin da Veikko ya cika da hannunsa
ran da ƙanƙarar tafki ta fara tsagewa,
yana tanadin sanyin da ba zai gani ba.

Raina ya ce kashe shi,
lita uku ce ta rage miki daga gare shi,
ki adana.
Har na kai hannu.
Sai na ji shi, tabarau a karan hanci.

Na tura injin waje.
Na share hanya har bakin titi,
na share ta tsohuwa Hilkka da ke maƙwabtaka,
na dawo na zagaya rumbun itace ba dalili,
sai da tanki ya yi ƙaf.

Fensirin na nan a kan ƙusa, ɗaure da zare.
Na sa kwanan wata a ƙarƙashin nasa.
Rubutuna ya karkace, ya fi nasa girma.