Sa Hannu Biyu

Kakana Nevzat ɗan canji ne.
Rumfarsa na bayan tashar jirgin ƙasa ta Sirkeci
a Santanbul, inda hayaƙin jiragen ruwa
ke cuɗanya da ƙamshin gasasshen kifi.

Baƙo kan zo, ya ba titi baya,
ya kwance ɗamarar ƙarƙashin riga,
ya zaro cekin matafiya da ɗumin cikinsa,
da gumin ƙasa uku.
Sa hannu ɗaya na sama, tun daga gida.
Na biyu sai a gaban Kaka.

Shi ba ya duban fuska.
"Fuska ta iya ƙarya," in ji shi,
"hannu ne bai koya ba."
Sai ya tura tabarau kan hanci,
ya gwama na sama da na ƙasa
kamar mai neman kamannin uba a jikin ɗa.

Ran nan ana ruwa, wata mata ta shigo daga Graz.
Hannu na rawa, alƙalami ya ƙi ta,
sunanta ya fito kamar na wata.
Ta ce mijinta ya cika a hanya, shekaranjiya.
Kaka ya daɗe bai tanka ba.
Ya aika aka kawo shayi,
ya lashi yatsa, ya ƙirga mata lira,
ya sake ƙirgawa.

Banki ya ƙi cekin.
Yana nan cikin littafin lissafinsa, ya yi ja.

Ɗazu na biya kuɗin shayi da waya.
Ƙit. Shi ke nan.
Ba wanda ya dubi hannuna.