Ƙugiyar Barmo

Kuran ya dawo bayan la'asar.
A shagon Illo na bakin tashar Tawa
na soka kile cikin ordinatar,
na buɗe tarihin babana, Barmo maƙeri,
shafi arba'in da na buga da azumin bara
daga bakinsa, kafin bakin ya rufe.

Wanda na aika wa a Yamai ya dawo min da shi a aske.
Wani wuri ƴan akwatuna, wani wuri alamar tambaya,
sauran ya cike da abin da hannunsa ya samu:
ƙira ta koma kira,
ƙasarmu ta zama kasa mai dafi,
ƙura ta yi haƙora ta zama kura,
inda tsoho ya ce aiki ya ƙare
yanzu kare ne kwance a bakin maƙera.

Na duba madannai, na Faransi ne.
Ga e mai hula, ga c mai wutsiya,
kowane baƙo da ɗakinsa,
namu ko zaure babu.
Akwatin nema ya buɗe baki yana jira.
Ta yaya ake cigiyar abin da ba a iya rubuta sunansa?

Illo ya ce, maye su duka a bugu ɗaya.
Na bi ta tasa. Kowane k ya tsiro ƙaho,
har kakata ta zama ƙaƙata.
Na ja da baya da sauri.

Can ƙasan rumbun alamomi na same su,
bayan na Girka, bayan na Rasha, bayan alamun kuɗin duniya,
su huɗu a rakuɓe.
Na ɗebo su kamar garwashi daga gidan maƙwabta.

In guga ya faɗa rijiya a Bilbis
wurin babana mata ke aron ƙugiya.
Yakan ce, ba a jefa ta da fushi,
lalube ake har igiya ta yi nauyi.
Haka na yi. Kalma kalma, ina karantawa da ƙarfi,
abin da ido ya manta maƙogwaro ya sani.
Yaran da ke kallon ƙwallo suka juyo suna dariya.

A shafi na talatin da tara igiya ta maƙale.
Ban tara dukiya ba, da na bari.
Na sake faɗa: ban tara dukiya ba, ɗa na bari.
Dukansu sun zauna a bakina daram.
Ni na buga shi, kuma na kasa tuna
yadda harshensa ya taɓa ganda ranar.

Illo na kaɗa makulli, awa uku, dala ɗari uku.
An kira magariba.
Na bar ɗan sandan nan yana ƙiftawa a gaban harafin.
Inna tana tankaɗe a tsakar gida lokacin da ya faɗa,
wataƙila ta ji.