Rabin Diro

Daga bakin tafkin kanwa, can bayan Birniwa,
Barau ya gungaro mini rabin diro.
Ya ce, "Toshe shi, Jatau,
jibi Tabawa za ta ɗora dahuwar gishiri."

Na ɗaga shi ina duban rana,
sai ga taurari a gindinsa da azahar:
uku, bakwai, goma sha...
na daina ƙirga.

Bara na liƙe nan.
Bara waccan, nan.
Yanzu liƙi ne ke riƙe da liƙi,
ƙarfen ya daɗe da tafiya.

Tsatsa ba ta da haƙori,
amma ta cinye shebur ta bar ƙota,
ta yi wa fatanya giɓi,
ta kwance ƙafar amalanke
ba ta ari sifana wajen kowa ba.

Na murza gefensa da yatsa,
ya zubo ja kamar ƙasar gara.

Barau ya buɗe tafin hannunsa,
duk ya tsattsage kamar fadama da bazara.
"Wannan fa, nawa za ka toshe?"

Ban tanka ba. Na kunna wutar walda.
Kakarsa da tukunyar yumɓu take dafawa,
ba ta taɓa sallama a ƙofar maƙeri ba.
Mu muka zo da ƙarfe, muka ce ya fi ƙarko.

Ran Juma'a Tabawa ta aiko da miyar kuɓewa.
Na ɗanɗana.
Gishiri ya ji daidai,
amma can ƙasan harshe
na ji diron.