Kwalba Huɗu Daga Hawa na Shida

Ƙarfe biyu da kwata na dare a Sheffield.
Yayyafi na bin gilashin taga siriri,
ni kaɗai a ɗakin gwaji, sai gurnanin firji
da shayin da ya huce tun sha biyu.
Bututun aike ya yi tari, ya tofo kwalba huɗu
daga hawa na shida, da ɗuminsu.

Na juya takarda. Karimatu Ɗangulbi,
shekara ashirin da uku. Lupus. Zazzaɓi, kwana uku.
Sai na sake karanta sunan a hankali,
kamar mai tauna kilishin da aka aiko daga gida.
Shekara tara ina wannan benci,
sunan mutanenmu bai taɓa biyo bututun nan ba.

Likita ta rubuta tambaya da hannu mai sauri:
ciwon ne ya motsa, ko ƙwayar cuta ta shiga?
Wato dai, wa ya sa wutar?
Ɓarawo ne ya haura katanga,
ko karen gida ne ya manta fuskar mai gida?
In kare ne, a ba shi abin da zai kwanta.
In kuwa ɓarawo ne kika kwantar da karen,
kin buɗe masa ƙofa har da haska masa fitila.
Zafin jiki bai san bambanci ba,
goshi ɗaya ne, gumi ɗaya, makyarkyata ɗaya.

Na tsai da jini a siririn bututu,
ina kallon jajayen ƙwayoyi suna sauka
kamar gasara ta kwanta a gindin ƙwarya.
Sun yi sauri. Tamanin da takwas.
Amma wannan shaida ɗan amshin shata ne,
kowa ya kawo ƙara sai ya ce haka ne.

Sai na koma ga wanda hanta ke aikowa,
shi da muke kira CRP.
Shi miskili ne a gidan masu wannan ciwo:
kare na yagar gaɓoɓi, sau da yawa ko tari ba ya yi,
baƙo ya taka zaure, ya fasa kururuwa.
Ba kullum ba. Na ga ranar da ya ruɗe mu,
ana zaton wuta a maƙera ta tashi a masaƙa.
Shi ya sa nake tara shaidu,
ban yanke da bakin mutum guda ba.

Inji ya yi ƙyaf. Ɗari da arba'in da biyu.
Masu gadin jinin nan da kan ragu in ciwon ya tashi
suna nan cif, ba wanda ya ɓace.
Na ɗauki waya. Dakta Whitlock ta yi shiru,
na ji biro na tafiya, na ji ajiyar zuciya.
Ta ce za ta bi sawun baƙon, huhu ko mafitsara,
kwalbar shuka kuma ta kwana a ɗumi.

Hawa shida ne kawai tsakaninmu.
Da zan hau in ce, sannu ƙanwata, ya jiki,
'yar wace unguwa ce, wa ke jinyarki?
Amma aikina jini ya sani, bai san fuska ba,
amana kuma ba ta hawa lif.

Da asuba na shiga taragon farko, takalmi jiƙe.
Daren da ya biyo, bututu ya sake tari.
Sunanta. Casa'in da ɗaya.
Na duba hagu, na duba dama, ba kowa,
na riƙe kwalbar a tafin hannu
na ce mata, madalla, Allah ya ƙara sauƙi.