Faci a Kwarin Kickapoo

Arlen ya buga min ƙofa rana ba ta fito ba.
Ya ce, "Na ji abin da likita ya faɗa maka.
Keke biyu ne a bayan mota. Sa takalmi."
Tsoho ne da ya sayar da shanunsa bara,
asuba kuwa ba ta daina tashinsa ba.

Muka bar Viroqua tana barci,
muka bar kwalta kwance sumul kamar an shafa mata mai,
muka faɗa tsakuwa.
Ƙaras, ƙaras, ƙaras,
sai ka ce aya ake taunawa a ƙarƙashin taya.

Ƙasar nan ba ta iya miƙewa ba.
Tudu ya sauke ka, tudu ya karɓe ka,
kogin kuma can ƙasa
yana tafiyar wanda ake bi bashi:
ya yi gabas, ya waiga, ya karkata yamma,
ya ɓuya a bayan masara.

Hawan farko da girman kai na yi shi.
Na biyu da salati.
A na uku cinya ta kai ƙarata wurin huhu,
huhu ya ce shi ma ta kansa yake.
Arlen, da shekara saba'in da ɗaya a wuya,
yana gaba yana kirga min gonaki:
wannan an sayar, waccan magada sun kulle,
jan rumbun can tantabaru ne suka gaje shi.
Keken dokin Amish ya gifta mu,
yaron ciki ya ɗaga yatsa ɗaya.
Gaisuwar ke nan, har da tambayar iyali.

A ƙoƙuwar tudu, gefen wata farar coci,
tayata ta baya ta ja tsaki,
ta kwanta.

Arlen ya zaro sabon tub daga aljihu.
"Yar da wancan," in ji shi.
Na ce, ba ni tukuna.

Ban san hannuna bai manta ba.
Na hura iska, na kara robar a kumatu,
na bi ta a hankali har ta yi min raɗa.
Na ɗiga yawu, ya yi kumfa.
Na kankare wurin, na shafa sholisho da ɗan yatsa,
na jira.
Jiran shi ne sana'ar, haka yake cewa.
Mai gaggawa sau biyu yake liƙi.

Tanimu mai faci, ubana.
Shekara talatin a gindin dalbejiya, bakin hanyar Ƙafur,
da kwanon ruwa, da famfo, da baƙin farce.
In burji ya fasa tayar wani
sai ya ce, "Ga kuɗin littafinka nan tafe, ana turo shi."
Ni kuwa in mun taso makaranta da abokai
ta bayan kasuwa nake zagayawa
don kada ya kira sunana.

Ya sani.
Bai taɓa kira ba.

Yau ga ni a bayan teku, da furfura a gemu,
na guji kwalta da gangan,
na nemi tsakuwa a taswirar waya,
na durƙusa a kanta kamar yadda yake durƙusawa.

Arlen ya leƙa facin, ya danna shi da babban yatsa.
"Wa ya koya maka?"
Na faɗa masa sunan, duka, da ƙarfi,
har wani kare ya amsa daga gonar ƙasa.
Ya gwada faɗa, Tanimu,
ya karya shi biyu, ya sake gwadawa.

Daga nan gangara ce har La Farge.
Iska ta cika min riga, ido ya yi ruwa,
na ce sanyi ne.
Kogin ya fito daga maɓoyarsa ya yi mana rakiya.

Mil goma sha tara muka ƙara.
Facin bai saki ba.