Maƙogwaron Ƙarfe

A Coventry, bayan layin dogo,
akwai garejin da rufinsa ke yoyo.
Nan tsoho Alwyn ya dire kan injin a benci,
ya ce, "Tanimu, sa yatsa."
Na sa.
Ramin bawul da sanyi, da kaushi,
da ɗan tudun da masu zubi suka bari
ranar da suke sauri a tashi aiki.
Ya ce, "Ka ji? Nan iska ke tuntuɓe."

Ni da na taso a Panteka,
inda guduma ke yanke hukunci,
ban taɓa jin an tausaya wa iska ba.
Mu dai mu zuba mai, mu taka totur,
in mota ta yi tari mu zagi kafireta.

Ya miƙo mini injin gurza mai siririn baki,
kukansa kamar sauro ya samu lasifika.
Sanholo na zuba, gari-gari,
a gira, a gemu, cikin kofin shayi.
Mashigar iska, in ji shi, bar mata ɗan kaushi,
kar fetur ya kwanta ya yi raɓa a bango.
Mafitar hayaƙi kuwa goge ta da sanfefa
har ka hango haƙoranka.
Kwanar nan ta ƙasa, gajeriyar,
lallaɓa ta yadda ake taɓa maɗigar jinjiri.

Mako na uku hannuna ya faɗa, kaina ya kumbura.
Na ce ƙofa in ta yi faɗi ai kowa ya shige.
Na ci, na ƙara ci, ina fito,
sai bakin ƙarfen ya zurma.
Huda, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero,
ta ɓulla hanyar ruwa.
Garin gyaran gira na tsone ido,
kan injin mutane, na fam ɗari tara.

Alwyn bai yi faɗa ba.
Ya haska tocila ta hudar, hasken ya sauka a tafinsa.
Ya ce, "Abin da ka gurje ya tafi.
Na ɓata huɗu kafin in kai shekarunka."
Ya rataye shi a ƙusa, saitin idona.
Yana nan har yau.

Da yamma mukan ɗora aiki a na'urar awo,
ta zuƙi iska, allura ta motsa.
Shi bai cika yarda da allura ba.
Zare yake ɗaurawa a tsinke, ya zura a rami:
in zaren ya miƙe, ya gyaɗa kai,
in ya kama rawa, a koma benci.

Shekara arba'in da shida yana shaƙar garin nan.
Yanzu da tukunyar iska yake zuwa,
yana jan ta a baya kamar akuya mai gardama,
roba biyu a hanci.
Daga ƙofa zuwa benci, sau biyu yake tsayawa.
Ina jin shigarta, ina jin inda take tuntuɓe,
ga kayan aiki jere a gabana
babu wanda zai kai wurin.

Ranar Asabar Marjorie ta zo ɗaukar tsohuwar motarta ta tsere.
Ni na yi kan, ni kaɗai, ramuka takwas.
Ta murza makulli.
Injin ya ja dogon numfashi,
ya sake shi ta salansa,
har kwanon rufi ya amsa.

Alwyn na kan kujera, ido rufe.
Ya ɗaga yatsa ɗaya, a bar shi ya ji.
Can ya ce, "Silinda ta uku..."
Tari ya tare shi.
Muka tsaya, ni da Marjorie, injin na ta aiki,
muna jira ya ƙarasa.